Kiɗan Tsaunukan Andes: Waƙa A Bakin Wa Ta Fi Daɗi?

Duk wanda ya yi zamanin shiga sinima zai tuna da Ghayal, fim ɗin Sunny Deol da ya fito a 1990. A cikinsa akwai wata waƙa mai suna "Sochna Kya", irin waƙar nan da in ta shiga kunnenka da safe, to har dare tana maka yawo a ka. Da yawanmu mun ɗauka Bappi Lahiri ne ya zauna ya ƙago ta. Ashe shi ma wankiya ya yi. Daga "Lambada" ya ɗebo karin, wato waƙar da ƙungiyar Kaoma ta fitar a Faransa a 1989 ta karaɗe duniya. Su ma Kaoma ɗin ba tasu ba ce. Masu ita wasu 'yan'uwa ne biyu, Ulises da Gonzalo Hermosa, na ƙungiyar Los Kjarkas ta Cochabamba a ƙasar Bolibiya. Sun fitar da ita tun 1981 da sunan "Llorando se fue", kuma sai da suka kai ƙara kafin aka tabbatar masu da haƙƙinsu.

Ka ga ke nan, mai karatu, kiɗan tsaunukan Andes ya daɗe da shigowa ɗakunanmu ta bayan gida, mu ne dai ba mu san baƙon ba. Ko yanzu ma kana jin sa: busar sarewar nan mai sanyi da ake sakawa a harabar otal, ko a bayan hotunan tsaunuka a talabijin, ko a bidiyon da aka ce wai na kwantar da hankali ne. Abin da ya sa na ɗauko shi a wannan wata shi ne, kiɗan da yau ake sa wa mutum don ya yi barci, an taɓa hana shi a wata ƙasa, an kori masu yin sa daga gida, an kashe wani daga cikin manyansu. To yaya aka yi abu ya taso daga can ya dawo nan? Kuma a duk wannan doguwar tafiya, ina masu abin na asali suke?

ASALIN ABIN

Andes jerin tsaunuka ne da suka miƙe kimanin kilomita 7,000 a yammacin Kudancin Amurka, suka ratsa ƙasashe bakwai. Zuciyar kiɗan da muke magana a kai tana Peru da Bolibiya da Ekwado, da arewacin Chile da Ajantina, inda Kechuwa da Aimara suke, manoman dankali da makiyaya. Tafkin Titicaca da ke tsakiyar ƙasar Aimara yana sama da teku da kimanin mita 3,800. Busa ta daɗe a wannan yanki, domin a kufan Caral da ke Peru an tono sarewa 32 na ƙashin tsuntsaye da suka haura shekara 4,000. Kayan tsirkiya kuwa babu su sai bayan da Sifaniyawa suka kama Sarki Atahualpa na daular Inka a 1532. Daga garayunsu ne 'yan ƙasa suka ƙera charango, wata 'yar ƙaramar molo mai tsirkiya goma, wadda a da ake yin ƙoƙonta da bayan wata dabba mai sulke da ake kira armadillo.

Abin busa mafi ban sha'awa shi ne siku, wato kara da yawa masu tsawo daban-daban da aka jera aka ɗaure. A ƙauye ba mutum ɗaya ke busa shi ba. An raba muryoyin gida biyu, ɗaya ana ce masa ira, ɗaya arka, kowanne a hannun mutum daban. Wannan ya busa, wancan ya karɓa, kamar mata biyu a turmi ɗaya. In abokinka ya yi shiru, waƙar ta tsaya. Haka maza ashirin ko fiye za su yi da'ira da ganguna su yi ta yi a ranar biki, sautin da kauri, da ƙarfi, har da ɗan karce a kunne. A ƙauyuka da dama ma kowane abin busa da lokacinsa, akwai na damina akwai na rani, kuma ba a gwama su.

Ka riƙe wannan da kyau, domin abin da duniya ta sani da sunan kiɗan Andes, wato mutum huɗu ko biyar sanye da bargo mai huda a tsaka, ga sarewar kena, ga siku a bakin mutum ɗaya, ga charango, ga jita, ga ganga, duk a lokaci guda, wannan haɗin 'yan birni ne. Bai fi tsakiyar ƙarni na 20 ba aka tsara shi, kuma wani babban ɓangare na aikin ba a ma kan tsaunukan aka yi shi ba.

UNGULUN DA TA TASHI DAGA LIMA

Babu misalin da ya kai "El Cóndor Pasa". Kondo wata irin ungulu ce da faɗin fikafikanta ke kai mita uku. Mu a wajenmu ungulu ba ta da wata daraja, su kuwa can ita ce sarauniyar sararin sama. Mutane da yawa sun ɗauka wannan kari tsohon kiɗan Inka ne da ba a san mai shi ba. Alhali akwai mai shi, sunansa Daniel Alomía Robles, mutumin Huánuco a Peru, wanda ya yi shekaru yana yawo ƙauyuka yana tattara waƙoƙin manoma. Ya tsara kiɗan ne domin wani wasan daɓe mai haɗe da waƙa da Julio Baudouin ya rubuta, aka fara nuna shi a gidan wasa na Mazzi a Lima a watan Disamba na 1913.

To me wasan ya ƙunsa? Labarin mahaƙa ma'adinai ne 'yan ƙasa da Turawa masu ramin suke gallaza wa. Ana ƙwace masu mata, ana sa su aikin bauta, har tura ta kai bango suka kashe iyayen gidan, sannan kondo ta bayyana a sama alamar 'yanci. A lokacin kuwa wani kamfanin Amurka ne ke riƙe da ma'adinan Cerro de Pasco, saboda haka duk wanda ya shiga kallo ya san da wa ake. Ka ji asalin kiɗan barcin naka.

Daga nan sai Paris. A shekarun 1950 akwai wani ɗan gidan rawa mai suna L'Escale a unguwar ɗalibai, inda 'yan Kudancin Amurka ke haɗuwa. A wannan da'ira aka kafa ƙungiyar Los Incas a 1956, kuma waɗanda suka kafa ta 'yan Ajantina ne da 'yan Banizuwela, babu Bakechuwe ko ɗaya. Sun ɗauki "El Cóndor Pasa" a faifai a 1963. Paul Simon, mawaƙin Amurka, ya ji su a Paris a 1965, ya tambaya, aka ce masa ai kiɗan gargajiya ne. Sai ya ɗora kalmomin Turanci a kan busar tasu, ya saka a faifan Bridge over Troubled Water na 1970. Ɗan marigayi Robles, wato Armando Robles Godoy, wanda shi kansa babban daraktan fim ne a Peru, ya shigar da ƙara, aka sasanta cikin ruwan sanyi, aka maida sunan mahaifinsa.

A matsayina na mai saurare ba zan ce waƙar Simon ba ta da daɗi ba. Tana da shi, muryar ta zauna daram a kan sarewar. Sai dai ka duba abin da ya zube a hanya. Kalmomin nasa na wani mutum ne shi kaɗai da ke begen ya kuɓuce daga damuwar ransa. Babu rami, babu ubangida, babu taron ma'aikata. Har ɓangaren kiɗan mai sauri, wanda ake takawa a ƙarshe, an yar da shi, an bar mai sanyin kawai. Wannan sanyin shi duniya ta saya, kuma shi take ta nema har gobe.

RANAR DA SAREWA TA SHIGA JAM'IYYA

A daidai lokacin da kasuwa ke jan kiɗan ta wannan gefe, siyasa na jan sa ta wancan. Tun kafin nan akwai Atahualpa Yupanqui na Ajantina, wanda sunansa na yanka Héctor Chavero, ya ari sunayen sarakunan Inka, ya shiga jam'iyyar kwaminis, ya sha ɗauri a zamanin Perón. Amma wadda ta ɗaure zaren ita ce Violeta Parra ta Chile. Ita ma ta yi yawon ƙauyuka tana ɗaukar waƙoƙin tsofaffi, ita ma ta yi waƙa a L'Escale. Masoyinta Gilbert Favre, ɗan Suwizalan, ya ƙware a busa kena, ya tafi La Paz a 1966 inda ya zama mabushin Los Jairas tare da Ernesto Cavour gwanin charango, a gidan waƙa na Peña Naira. Su ne suka sa 'yan bokon Bolibiya suka fara zama suna sauraren kayan da a da suke yi wa kallon na ƙauyawa. Abin dariya abin takaici, sai da Bature ya busa sannan masu gari suka yarda abin na da kyau. Violeta ta kashe kanta a Fabrairun 1967. Mai son ganin rayuwarta ya nemi fim ɗin Andrés Wood na 2011, Violeta se fue a los cielos, wanda ya ci kyauta a bikin Sundance a 2012.

'Ya'yanta, Ángel da Isabel, sun buɗe nasu gidan waƙar a Santiago a 1965. A shekarar aka kafa Quilapayún, masu baƙaƙen barguna, sai Inti-Illimani a 1967, ɗaliban jami'ar fasaha ta gwamnati. Me ya kai ɗaliban Santiago ga kayan kiɗan tsauni, alhali yawancinsu ba 'yan can ba ne? Dalilin siyasa ne tsantsa. Rediyo ya cika da kiɗan Amurka, kiɗan gargajiyar da hukuma ke ji da shi kuwa na masu manyan gonaki ne da dawakansu. Charango da kena kayan talaka ne, kayan Bolibiya da Peru, ƙasashen da Chile ta ƙwace wa yankuna a yaƙin da aka fara a 1879. Saboda haka ɗaukar su kaɗai magana ce, kafin ma a buɗe baki.

In za a tambaye ni aiki ɗaya da ya fi kowanne a wannan zamani, zan ce Cantata Santa María de Iquique, wadda Luis Advis ya tsara, Quilapayún suka rera a 1970. Labarin kisan da sojoji suka yi wa masu haƙar gishirin taki ne a wata makaranta a garin Iquique ranar 21 ga Disamba, 1907, lokacin da suke yajin aiki. An kashe ɗaruruwa, wasu masana tarihi ma na cewa sun haura 2,000, cikinsu har da 'yan Peru da Bolibiya. Littattafan makaranta sun yi gum da zancen, waƙa ce ta tono shi. Gwanintar Advis ita ce bai yi gaggawar sa ka kuka ba. Mai ba da labari, Héctor Duvauchelle, zai yi magana a natse kamar mai karanta rahoto, sai kiɗa ya karɓa, manyan gogen Turai na gurnani a ƙasa, kena na yawo a sama kamar iskar hamada. A nan sarewar aiki take yi, ita ke nuna maka faɗin dajin da mutanen suka ratso da ƙafa. Ba haka duk waƙoƙin lokacin suke ba. Akwai da dama da aka yi don yaƙin zaɓen Salvador Allende a 1970 da bayansa, waɗanda in ka saurara yau za ka ji taken jam'iyya ne kawai aka ɗora wa ganga. Sun yi amfani a ranarsu, ranar na wucewa suka bi ta.

Ranar 11 ga Satumba, 1973, Janar Pinochet ya kifar da Allende. Washegari aka kama Víctor Jara, mawaƙi kuma daraktan wasan kwaikwayo, wanda ya taɓa jagorantar Quilapayún, aka kai shi zauren wasanni na Estadio Chile. A wannan zaure ne ya ci gasar sabuwar waƙar Chile ta farko a 1969. An farfasa masa hannuwa da duka, ba datse su aka yi ba kamar yadda jita-jita ta yaɗa, sannan aka harbe shi. An ƙirga raunin harsashi 44 a jikinsa. An sa wa zauren sunansa a 2003, amma sai a Agustan 2023 kotun ƙolin Chile ta tabbatar da hukuncin ɗauri a kan tsofaffin hafsoshi bakwai. Shekara hamsin cur.

Sojojin ba su tsaya kan mutane ba, har kayan kiɗan suka sa wa ido. Aka ja kunnen mawaƙa cewa kena da charango ba su da wuri a sabuwar Chile. Sai wasu samari suka kafa Barroco Andino, suna busa kiɗan Bach da sauran manyan Turai da waɗannan kayan, a coci-coci da zauruka. To wa zai kama mutum don ya busa Bach? Juyin mulkin ya sami Inti-Illimani da Quilapayún suna rangadi a Turai, na farko suka zauna Italiya, na biyu Faransa, ba su sake taka gida ba sai 1988. A waɗannan shekaru ne kiɗan ya cika dandalolin Turai, ya zama muryar duk mai adawa da mulkin soja. Pinochet ya so ya binne shi, sai ga shi ya watsa irinsa a duniya.

INA MASU ABIN?

Nan ne fa nake da magana. Ba na shakkar gaskiyar waɗannan mawaƙa, don wanda ya ba da ransa ko ya yi shekara goma sha biyar a gudun hijira ba a ce masa ɗan wasa. Amma in ka duba jerin sunayen da na kawo, ɗalibai ne, da 'yan boko, da baƙi. Sun yi magana a madadin manomin tsauni, da kayan kiɗansa, cikin harshen Sifaniyanci mafi yawa. Shi kuwa yana can yana nasa kiɗan, ba wanda ya kai masa makirfo.

Kuma yana da nasa taurarin. Tun daga shekarun 1950, da mutanen tsauni suka yi ta kwarara Lima neman abinci, sukan cika rumfunan wasa ranar Lahadi don jin huayno, kiɗan da suka taso da shi. Akwai Pastorita Huaracina, akwai Picaflor de los Andes, wanda ya yi direba ya yi aikin ma'adinai, kuma da ya rasu a 1975 jama'ar da ta raka gawarsa ta toshe titunan Lima. Marubuci José María Arguedas ya yi ta fafutukar a san darajarsu. Me ya hana su shiga Turai? Kiɗansu na da goge, da babbar garaya, da saksofon, muryoyin matan kuma sirara ne masu tsini. Bai yi kama da hoton Inka da Bature ke so ba. Siyasa ma suna da tasu. "Flor de Retama" ta malam Ricardo Dolorier huayno ce a kan mutanen da 'yan sanda suka kashe a Huanta a Yunin 1969, lokacin da ɗalibai da iyayensu suka fito neman a bar ilimi kyauta. Har yau tana tayar da ƙura a Peru, amma ba za ka ji ta a otal ba.

Gwamnatoci ma sun ci nasu rabon. A Afrilun 1973 gwamnatin Bolibiya ta rubuta wa UNESCO wasiƙa tana kukan ana sace mata kiɗa da raye-raye, tana neman a yi dokar kare su. Ana lissafa wannan wasiƙa cikin tushen yarjejeniyar 2003 ta kare al'adun da ba a taɓawa da hannu, wadda a ƙarƙashinta aka sa bikin kamun kifi na Argungu a 2016 da hawan sallar Kano a 2024. Akwai ɗan gajeren fim na 2018, The Flight of the Condor, da ya bi diddigin labarin. To amma wa ke mulkin Bolibiya a lokacin? Hugo Banzer ne, soja, wanda a Janairun 1974 dakarunsa suka buɗe wa manoma wuta a Tolata saboda sun tare hanya kan tsadar kaya. Yana son waƙar, ba ya son mai waƙar. Hatta Los Kjarkas da aka yi wa sata, sunan da suka ba kiɗan waccan waƙa, saya, na baƙaƙen fatar Bolibiya ne jikokin bayi, waɗanda suka daɗe suna ƙorafin cewa abin da ake sayarwa da sunan ba nasu ba ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma kowane gardi akwai wani gardin a bayansa.

Daga shekarun 1980, da tattalin arzikin yankin ya durƙushe, samari daga Peru da Bolibiya da Ekwado suka bazu tashoshin jirgin ƙasa da kasuwannin Turai suna busa. A hankali aka daina zancen Chile, aka koma busa waƙoƙin finafinan Amurka a kan kaset, wasu har da hular gashin tsuntsu irin ta Indiyawan dajin Amurka ta Arewa, don ita mai wucewa ya sani daga fim. Ba na zargin su, yunwa ba ta san asali ba. Amma a nan ne kiɗan ya ƙarasa zama abin da kake ji a otal.

Duk da haka labarin bai ƙare da baƙin ciki ba. Luzmila Carpio, Bakechuwa daga arewacin Potosí, ta nace da waƙa cikin harshen uwarta har duniya ta saurara, ta kuma zama jakadiyar Bolibiya a Faransa a 2006. Renata Flores ta Ayacucho, haifaffiyar 2001, ta yi suna a 2015 da ta rera wata waƙar Michael Jackson da Kechuwa, daga baya ta koma yin nata, kiɗan zamani a kan tarihin matan yankinta. Ga aro nan ya juya, yanzu 'yar tsauni ce ke ɗebo na Amurka ta sa masa harshenta.

Shawarata ga mai son ya ji da kunnensa, tunda intanet ta sauƙaƙa: ka fara da taron masu siku na bakin Titicaca, ka daure wa karcen na minti biyar har kunnenka ya saba. Sai ka saurari Cantata daga farko har ƙarshe, sannan Picaflor, sannan Luzmila. Ka bar ta Paul Simon a ƙarshe. Za ka ji daɗinta har yanzu, amma za ka san abin da aka cire.

Ga 'yan'uwanmu masu shirya fim da masu kiɗan fiyano kuwa, ban ce aro haramun ba ne. Ba don aro ba da babu charango, da babu Cantata. Abin da tarihin nan ke tambaya kawai shi ne, in ka ɗauko karin wani, ko na Bombay ko na wata tsohuwa mai daka a ƙauyenku, ka faɗi sunanta? Ka san abin da waƙar ke cewa kafin ka sa mata sabuwar riga? In kuɗi ya shigo, ta ga ko sisi? Hausawa dai sun riga sun yanke hukunci, sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Saura a riƙa barin mai ita ya buɗe bakin.